Aski da Bargo: Yadda Dokin Ingila Ke Cin Hunturu

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Ingila tsakanin watan Nuwamba da watan Maris, lokacin da rana ba ta jimawa a sama, ruwa kuma ba ya ɗaukewa sai don ya sake tsugewa, zai ga dawaki tsaitsaye a cikin makiyayu masu shinge, kowanne lulluɓe da bargo tun daga kafaɗa har gindin wutsiya. In kuwa ya matsa kusa ya ɗaga gefen bargon, sau da yawa zai tarar an aske gashin wuya da na ƙirji da na ciki ƙwal, an bar na ƙafafu da na gadon baya. Lalle mai hankali zai tambaya, wace hikima ce ke cikin tuɓe wa dabba rigar da Mahaliccinta ya yi mata daidai da jikinta, sa'an nan a koma kasuwa a sayo mata wata da kuɗi? Amsar wannan tambaya tarihi ne na kimanin shekara 200, kuma tarihi ne na bashi, domin tun ranar da ɗan Adam ya fara ɗora almakashi a kan fatar doki a cikin ɗari ya ɗauki nauyin ɗumama shi, nauyin da wasu suka sauke da kyau, wasu suka gaza, wasu kuma a wannan zamani suke wuce iyaka a kansa.

Ya kamata mu fara da abin da Allah ya yi, kafin mu zo ga abin da mutum ya yi. A Kano, bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da yini mafi gajarta a shekara bai kai sa'a biyu ba, alhali kuwa a Landan yinin watan Yuni ya haura sa'a 16, na watan Disamba kuma bai cika sa'a 8 ba. Wannan raguwar haske ita ce ke yi wa jikin doki bushara da zuwan hunturu, tun sanyi bai iso ba: ido ya kai labari ga ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta umarci fata, kafin watan Oktoba ya ƙare gashi ya yi tsawo ya yi kauri, ga maiƙo yana fita daga fata yana shafe shi, ta yadda ruwan sama zai zame ta saman gashin ya gangara ba tare da ya taɓa nama ba. A gindin kowane silin gashi akwai 'yar tsoka wadda ke miƙar da shi tsaye idan ɗari ya tsananta, sai iska mai ɗumi ta maƙale a tsakanin silin, ta zama katanga tsakanin jiki da sanyi. Bayan wannan kuma akwai murhu a cikin cikinsa, domin ingiricin da ya ci yana ruɓa a hankali a babban hanji, wannan ruɓa kuwa zafi take haifarwa dare da rana. Dokin da nauyinsa ya kai kilo 500 yakan ci kusan kilo 10 na busasshiyar ciyawa a yini, kuma muddin cikinsa bai rabu da ita ba, wutarsa ba ta mutuwa.

Shaida a kan cikar wannan halitta tana nan a raye. Kurayen dawaki na tuddan Exmoor a kudu maso yammacin Ingila, da na tsibiran Shetland a arewacin Sikotilan, sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwana a fili, dusar ƙanƙara tana sauka a bayansu ta zauna ba ta narke ba, abin da ke nuna zafin jikinsu ba ya tsiyayewa waje. Na Exmoor har suna da wani gajeren gashi da ya bazu a gindin wutsiya yana karkatar da ruwa daga wuraren da ba gashi. A ƙasar Yakut kuwa, can arewa maso gabashin Sibiriya, inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 50 a ƙarƙashin sifiri, dawaki na tono ciyawa da kofato daga ƙarƙashin ƙanƙara, babu barga, babu mayafi.

To, ashe me ya mai da wannan ni'ima ta zama nauyi? Gaggawar mutane ce. A ƙarni na 18 na Miladiyya abubuwa suka taru a Ingila waɗanda suka sa aka nemi gudu daga doki a lokacin da ɗabi'arsa ke neman ya tsaya ya yi kiwo ya adana ƙarfinsa. An shigo da ingarmu daga gabas, cikinsu har da wanda Thomas Darley ya saya a Halab a 1704, daga zuriyarsu aka sami dokin sukuwa mai siririyar fata da zafin jini. Hugo Meynell, wanda ya shugabanci mafarautan Quorn a lardin Leicestershire daga 1753 zuwa 1800, ya kiwata karnuka masu sauri, ya mai da farautar dila, wadda a da ake yi da sanɗa da asuba, ta koma sukuwa mai nisa da rana tsaka. Kuma da yake a daidai wannan zamani ne majalisa ke ta yanka filayen gama-gari tana kewaye su da shingaye, sai ya zama dole mahayi ya riƙa tsallake shinge bayan shinge a guje. Lokacin wannan farauta kuwa farkon Nuwamba yake buɗewa, ya rufe a cikin bazara, wato yana ratsa tsakiyar ɗari sosai. A kan hanyoyi ma haka: karusar wasiƙu ta farko ta tashi daga Bristol zuwa Landan a 1784, kuma kafin jirgin ƙasa ya kashe kasuwar karusai, an kai ga ana cin mil goma a sa'a.

Doki yana daga cikin dabbobi ƙalilan da ke sanyaya jikinsu da gumi kamar ɗan Adam, kuma idan ya yi sukuwa cikin gashin hunturu sai gumin ya jiƙa gashin sharkaf har ya yi kumfa, ƙarfinsa ya zube tare da ruwan jikinsa, ya rame a 'yan makonni duk da hatsin da ake ba shi. Mafi munin abin yana bayan an sauka, domin jiƙaƙƙen gashi mai kauri ba ya bushewa da wuri, rigar da ta kasance kariya da safe ta zama ƙunshin sanyi da almuru, daga nan kuma sai tari da ciwon huhu. Saboda haka ɗan barga, wanda shi ma tun asuba yake tsaye, ba shi da halin kwanciya sai ya busar da dokin da hannunsa: ya murɗa ciyawa ta zama igiya, ya naɗe ta dunƙule, ya yi ta bugun tsokar wuya da ta cinya da ita yana gogewa, ya ja kunnuwa a tafin hannunsa har su yi ɗumi, ya cusa karan alkama a ƙarƙashin buhun da ya rufa masa don iska ta ratsa, wani lokaci kuma bayan ya gama duk wannan dokin ya sake tsatso da sabon gumi mai sanyi, aiki ya koma farko. Littattafan tarihi sun cika da sunayen iyayengijin da suka tsallake shingaye, amma sa'o'in nan na dare, waɗanda su ne suka riƙe rayukan dawakin, na mutanen da ba a rubuta sunayensu ba ne.

Rufa wa doki bargo kam ba Turawa suka fara ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere a Madina, ya ba dawakin da aka yi wa horo zango mai nisa, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a hora ba kuma zango gajere. Masu sharhi kuwa sun bayyana cewa horon shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sa'an nan a rage masa abinci, a shigar da shi ɗaki a lulluɓe shi da mayafai har ya yi gumi, naman banza ya zube, ƙarfinsa ya tsaya. Wancan lulluɓi na neman gumi ne, na Ingila kuma na tsare ɗumi ne. Akwai kuma hadisi a wurin Abu Dawuda da ya yi hani ga yanke geza da wutsiya da gashin goshin doki, aka ambaci dalilin hanin a cikinsa, cewa geza ɗumi ce gare shi, wutsiya kuma abin korar ƙuda. Na kawo wannan ne domin Ingilar da muke magana a kanta ta daɗe tana gundule wutsiyar dawakin karusa don ado, sai a 1949 doka ta haramta.

Aski kuwa, riwayar da ta shahara a tsakanin ma'abuta dawaki na Ingila ita ce hafsoshin da suka yi yaƙi da rundunar Napoleon a Sifaniya da Fotugal, daga 1808 zuwa 1814, su ne suka gano shi a can suka komo da shi gida. A ƙasar Andalus askin alfadarai da jakuna tsohuwar sana'a ce, wadda galibi wata al'umma mai yawo da ake kira Gitano ta riƙe. George Borrow, a littafin da ya wallafa game da su a 1841, ya siffanta waɗannan wanzamai suna zaga kasuwanni da manyan almakasai a ɗamararsu. Sukan aske bayan dabba don kada gumi da ƙura su taru a ƙarƙashin kaya su haifar da miki, gwanayensu har sukan zana ado da almakashi a kan ɗuwawunta. Da abin ya iso Ingila, da almakashi mai lanƙwasa da mataji ake yinsa, ana ɗaga gashi da matajin ana datsewa tsinke bayan tsinke, aikin da kan cinye yini guda ko fiye a kan doki ɗaya, in kuma hannu bai gwanance ba a bar jikinsa da tabbai hawa-hawa. Sai aka haɗa da wuta: a kunna fitila mai faɗin lagwani, ta man nafta ko ta iskar gas, a riƙa bin jikin dokin da harshenta da sauri ana kankare toka, kamar dai yadda ake babbakar kan rago ranar Layya, sai dai wannan mai rai ne, yana tsaye, kuma a cikin ɗakin da ke shimfiɗe da busasshen kara.

Ba a karɓi wannan bidi'a hannu biyu-biyu ba. An yi shekaru ana saɓani a kanta, wasu na cewa tuɓe dabba a cikin ɗari zalunci ne kuma shisshigi ne ga tsarin halitta, wasu na cewa su zo barga da dare su ga wanda ya fi wahala, askakken da ya bushe cikin rabin sa'a yana cin abincinsa, ko mai gashin da har tsakar dare yana rawar ɗari. Abin da ido ya gani shi ya yanke hukunci. Kamfanonin karusa, waɗanda ba su san tausayi ba sai lissafi, sun lura askakkun dawaki sun fi riƙe jiki, sun fi jure aiki, kuma ɗan barga ɗaya yana iya kula da masu yawa daga cikinsu. A ganina duka ɓangarorin biyu suna da rabon gaskiya, domin aski maslaha ce ga dokin da aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfin rigarsa, kuma mafsada ce ga wanda aka aske sa'an nan aka bar shi tsaye a iska.

Na'ura ta zo ta sauƙaƙa aikin. Da farko an ƙera almakashi mai haƙora biyu da ke goga juna, ana matsa shi da hannu biyu. Daga baya ilimin sausayar tumaki ya taimaka: Frederick Wolseley, ƙanen Janar Garnet Wolseley wanda ya ci Kumasi a 1874, ya ƙera injin askin tumaki a Ostireliya, kamfaninsa ya koma Ingila, kuma a cikin ma'aikatansa akwai Herbert Austin, wanda daga bisani ya zama ɗaya daga cikin manyan maƙeran motocin da suka kori doki daga titi. A Shikago ta Amurka, John Stewart da Thomas Clark sun kafa kamfani a shekarun 1890 wanda ya yi suna da injin askin doki mai mariƙi, yaro ɗaya yana juya ƙafar injin, wata murɗaɗɗiyar igiyar ƙarfe mai lanƙwasuwa tana kai motsin ga haƙoran da ke hannun wanzami. Wannan kamfani shi ne ya koma Sunbeam a 1946. Aikin yini ya dawo na sa'a ɗaya ko biyu, da lantarki ya shiga barga kuma aka sallami yaron.

Da sauƙi ya samu, sai aski ya rarrabu gwargwadon aikin kowane doki, kuma kowane salo yana ɗauke da tarihin sana'ar da ta haife shi. Dokin farauta akan aske shi duka, a bar masa gashin ƙafafu don ƙaya da taɓo, da gurbin sirdi don kada gadon baya ya goge. Dokin keke akan aske masa ƙasan wuya da ƙirji da ciki zuwa daidai layin da igiyoyin fata na jan keken ke bi ta gefensa, a bar sama duka don ruwan da zai sauka a kansa yana jira a titi, kuma har gobe da sunan waɗannan igiyoyi ake kiran wannan aski, ko da yake mafi yawan masu yinsa ba su taɓa ɗaura doki a keke ba. Akwai wanda ake barin gashin baya da ƙugu a siffar mayafi, akwai kuma mafi ƙanƙanta, wanda ba ya wuce maƙogwaro da ƙirji, shi ne na dokin da ke kwana a fili ana hawansa sau ɗaya ko biyu a mako. Al'ada ta zaunu a kan a yi askin farko a Oktoba bayan gashi ya gama fitowa, a maimaita bayan 'yan makonni in ya tofo, a ajiye injin a ƙarshen Janairu don kada a ɓata gashin bazara mai tahowa.

A gidajen masu hali an biya bashin askin da kyau. Garin Witney a lardin Oxford, wanda ya shahara da saƙar barguna na ulu tun ƙarnoni, ya riƙa yin wani bargo mai ruwan ƙwai da ratsin ja da baƙi musamman domin dawaki. A kansa akan ɗora wani na algarara, irin zaren nan na Bangal da masaƙun Dundee suka riƙa sarrafawa, wanda da buhunansa aka gina dalar gyaɗa a Kano, sa'an nan a ɗaure duka da majayi mai matashi don kada ya danne ƙashin baya. Amma duk wannan kayan cikin barga ne, ba ya jure ruwa. Landan kuwa, wadda W. J. Gordon ya ƙiyasta dawakinta da kimanin 300,000 a littafinsa na 1893, yawancin dawakinta a wancan lokaci a titi suke yini, suna jan bas da keken haya da amalanken gawayi. Anna Sewell, a littafinta Black Beauty na 1877, ta nuna direbobin keken haya suna jira a layi cikin ruwan hunturu, barguna sun jiƙe sun daina amfani, mai ɗan hali ya rufa wa dokinsa mayafin da ruwa ba ya ratsawa, matalauci kuwa bai iya kare kansa ba balle dabbarsa. A wani babin kuma ta kawo yaron barga wanda, saboda ƙuruciya da kyakkyawar niyya, ya ba doki ruwan sanyi bayan doguwar sukuwa ta dare, ya ƙi rufa masa bargo don ya ga jikinsa da zafi, dokin ya kwana da ciwon huhu da ya kusa kashe shi. Yara da yawa a Ingila daga wannan babi suka fara sanin cewa jahilci yana cutar da dabba kamar yadda mugunta ke yi.

Babu inda aka ga ƙarshen gazawa wajen biyan wannan bashi kamar a Yaƙin Duniya na Farko. A makonnin farko na yaƙin, cikin Agustan 1914, rundunar Biritaniya ta karɓi dawaki fiye da 100,000 daga gonaki da kamfanoni da bargunan farauta, daga baya ta yi ta sayo wasu da alfadarai daga Amurka da Kanada, har ya zamana nauyin hatsi da ingiricin da aka tsallakar zuwa Faransa a tsawon yaƙin ya ɗara nauyin harsashi. Inda dubban dabbobi suka cunkushe cikin ƙazanta, ƙazuwa ba ta rasa hanya, ƙwayarta kuwa a cikin dogon gashi take ɓuya, ba a ganinta sai ta ci fata. Likitocin dabbobi na soja suka ga babu yadda za a gano ta da wuri, ko magani ya kai ga fata, sai an aske, aka ba da umarni a aske. Hujjarsu ingantacciya ce ta fuskar likitanci. Sai dai waɗannan dawaki ba su da barga. A ɗaure suke a jere a jikin igiya a fili, taɓo har gwiwa, bargon da aka ba kowanne in ya jiƙe babu inda za a shanya shi.

Hunturun 1916 zuwa 1917 ya zo da tsananin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, kuma ya zo daidai lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke nutsar da jiragen kaya, aka rage wa dabbobi abinci. An cire musu rigar waje, an rage wutar ciki, an ƙara musu aiki, domin ana ta jan manyan bindigogi da harsasai zuwa Arras, inda aka buɗe farmaki ranar 9 ga Afrilu 1917 dusar ƙanƙara na zuba. Dawaki suka yi ta faɗuwa a hanya saboda rama da sanyi, waɗanda harsashi bai taɓa ba. Bayan wannan asara aka sassauta umarnin, aka rage yawan gashin da ake cirewa. Ban ɗauki waɗanda suka ba da umarnin farko a matsayin azzalumai ba, mutane ne da suka tsare ƙofa ɗaya da ƙarfinsu duka, halaka ta shigo ta ɗayar. Amma duk fakihi ya san ba a kawar da cuta da cutar da ta fi ta, kuma wanda ya yi hukuncin aski yana ofis, wanda ya san babu busasshen bargo yana bakin igiya, maganar na biyun kuwa ba ta isa sama da wuri ba.

Abin da ya sa ya yiwu a haɗa aski da kwanan fili ya fito ne daga wancan ƙarshen duniya. A Niyu Zilan, inda ciyawa ba ta yankewa kuma manoma ba su saba gina barga ba, an saba ɗinka wa dawaki mayafi na tamfol mai kauri wanda aka shafe da abin hana ruwa, a yi masa shafi da ulu daga ciki, a sa masa maɗauri a ƙirji da wasu biyu da ke zagaya cinyoyin baya, don ko dokin ya yi birgima ya tashi, mayafin ya koma mazauninsa. Da sunan ƙasar aka san shi a Ingila. Ya sami kasuwa sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tarakta ta karɓe gona, mota ta karɓe titi, doki ya tashi daga abin neman abinci ya koma abin sha'awa a hannun malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan mata masu tasowa, mutanen da ba su da ɗan barga, ba su da lokaci sai kafin aiki da bayan aiki, cikin duhu da tocila. Waɗanda suka yi zamani da wannan tamfol ba su manta nauyinsa ba idan ya sha ruwa da taɓo, da yadda yake sandarewa in ƙanƙara ta kama shi, da kwanakin da yake ɗauka kafin ya bushe, har ya zama wajibi a mallaki biyu, da yadda yake cinye gashin kafaɗa ya bar fata a fili.

A shekarun 1980 zaren roba ya maye gurbinsa. Kamfanin WeatherBeeta ya fara a Ostireliya a 1980, Tom MacGuinness kuma ya kafa Horseware a garin Dundalk na ƙasar Ailan a 1985, ya fito da bargon Rambo, mara nauyi, mai hana ruwa shiga amma yana barin tururin jiki ya fita, da maɗaurai masu gicciye a ƙarƙashin ciki a maimakon majayin da ke matse baya. Yau ana sayar da barguna da lamba: ƙarfin zaren waje 600 ko 1200 ko fiye, nauyin abin da aka cusa a ciki kuma daga babu komai zuwa giram 100, 200, har 400.

Ranar aski a wannan zamani tana da ladubbanta, kuma wanda ya tsaya ya kalli gwani zai gane cewa injin bai kawar da bukatar hannu ba. Tun jiya an wanke dokin ko an goge shi sosai, domin ƙasa ɗaya a cikin gashi tana dakushe haƙora. A zana iyaka da alli a gefe biyu, a auna da igiya ta kan baya don kada wani gefen ya ɗara wani. A kunna injin nesa kaɗan har dokin ya saba da ƙararsa, a ɗora shi a kafaɗa ya ji motsinsa, sa'an nan a fara tura shi kishiyar kwanciyar gashi, dogon zubi a kan dogon zubi, gashi na zubowa dunƙule-dunƙule, fata mai wani launi dabam tana bayyana. Bayan kowane minti goma ko makamancin haka a tsaya a ɗiga mai, a taɓa ƙarfen a bayan hannu, in ya yi zafi a jira. A hammata, inda fata ke da laushi da naɗi, mataimaki ya jawo ƙafar gaba don ta miƙe kada a yanka. Duk inda aka gama a rufe nan take, a ƙarshe a bi jikin da tsumma mai ruwan zafi. Daga wannan sa'a har bazara, kullum sai an zo an kwance bargon an duba kafaɗa da ƙashin baya, an zura hannu ƙarƙashinsa a ji ko ɗumi ne ko gumi, an kai ingirici ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.

Amma sauƙin bargo ya haifi tasa fitinar, har likitocin dabbobi a Biritaniya sun shiga jan kunne a kai. Mutum yakan fito da safe ya ji ɗari ya kama shi, sai ya yi ƙiyasi da jikinsa ya ƙara wa dokinsa mayafi, alhali ƙiyasin ɓatacce ne, domin doki mai cikakken gashi da cikakken ciki ba ya fara jin sanyi sai awo ya kusa sifiri, mutum kuwa tun yana sama da digiri 20 yake neman riga. Bargo yana kwantar da gashin da aka halitta don ya miƙe, mai nauyi kuma yana sa gumi a ɓoye idan rana ta fito, fata ta jiƙe ta yi laushi, ƙwayar cutar nan da ke kawo kirci ga shanunmu da damina ta sami wurin zama a gadon bayan doki. Mafi girman illa tana kan kurayen dawaki, waɗanda aka gina jikinsu a kan su tara kitse da kaka su ƙone shi da hunturu. Idan aka lulluɓe su aka hana su ƙonawa, sai su shiga sabuwar ciyawar bazara da ƙibar bara, daga nan kuma sai kumburin naman cikin kofato, ciwo mai azaba wanda yakan kai ga a kashe dabba don a hutar da ita. Tsoho mai rauni, da siririn dokin sukuwa, da wanda aka aske, waɗannan bargo haƙƙinsu ne. Mai gashi lafiyayye kuwa bukatarsa ciyawa ce da wurin fakewa daga iska, kuma kada a goge masa maiƙon jikinsa da buroshi mai laushi don neman ƙyalli.

A 2016 wasu masu bincike a ƙasar Norwe, ƙarƙashin jagorancin Cecilie Mejdell, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi don su ji ta bakin masu abin. Sun koya wa dawaki 23 alamomi uku a kan alluna, ɗaya na nufin a rufa mini, ɗaya a cire mini, ɗaya kuma a bar ni yadda nake, dokin ya taɓa wanda yake so da hancinsa. Cikin kimanin mako biyu dukansu suka gane. Da aka gwada su a ranakun da rana ta fito da ɗumi, masu sanye da bargo suka nemi a cire, marasa shi suka nemi a bar su. A ranakun ruwa da iska da sanyi kuwa, masu bargo suka riƙe abinsu, mafi yawan marasa shi suka nemi a rufa musu, 'yan kaɗan kuma, a fili ɗaya da 'yan'uwansu kuma a ƙarƙashin ruwa ɗaya, suka taɓa allon da ke cewa a bar su haka nan.